Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Tara Lambobi Masu Bin Juna

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan karin magana ya dace da darasin lissafi fiye da yadda yawancinmu muke zato. Akwai wata ƙa'ida wadda kowane ɗalibin sakandare yakan gamu da ita kafin ya fita, watau ƙa'idar tara lambobi masu bin juna, kamar 1, 2, 3, 4, har zuwa inda aka tsaya. Da yawa daga cikinmu haddace ta muke yi kamar karatun aku, mu shiga ɗakin jarrabawa da ita, in an yi sa'a ta zauna, in ba a yi ba ta gudu. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa ana iya ganin dalilin wannan ƙa'ida da ido, ta hanyar tsakuwa da kara da buhunan masara. Wanda kuwa ya ga dalilin abu, da wuya ya sake mantawa da shi.

Ga abin da ƙa'idar ta ce. Idan kana so ka tara lambobi tun daga 1 har zuwa wata lamba, sai ka ɗauki lambar ƙarshe, ka yi ta sau lamba mai bi mata, sa'an nan ka raba abin da ka samu biyu. Alal misali, daga 1 zuwa 10, sai ka ce 10 sau 11, 110 ke nan, ka raba biyu, ka sami 55. A littafin lissafi ana kiran lambar ƙarshe n, a rubuta ƙa'idar haka: n × (n + 1) ÷ 2. To, amma ina aka samo ɗayan nan da aka ƙara? Don me kuma ake raba biyu? Waɗannan tambayoyi biyu su ne za mu amsa.

Hanya ta farko: gidan dara

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Funtua ko Malumfashi ya san yadda manya suke zama gindin bishiya da rani, bayan an gama aikin gona, suna buga dara. Akan haƙa gurabu sahu 5, kowane sahu da gurbi 6, gurbi 30 ke nan. Mutum ɗaya yakan riƙe tsakuwa, ɗayan kuma guntayen kara. Bari mu ari gidan darar nan mu yi lissafi da shi.

A sahu na farko ka sa tsakuwa 1. A na biyu ka sa 2, a na uku 3, a na huɗu 4, a na biyar 5, kana farawa daga hannun hagu kullum. Za ka ga tsakuwoyin sun yi kamar matakala. Yanzu sai abokinka ya cike gurabun da suka rage da kara. Ga yadda zai kasance, o tsakuwa ce, x kuma kara:

o x x x x x
o o x x x x
o o o x x x
o o o o x x
o o o o o x

Duba da kyau, ya kai mai karatu. Karan da ke sahun ƙasa 1 ne, na samansa 2, sai 3, sai 4, sai 5. Ashe shi ma abokinka matakala ya yi, iri ɗaya da taka, sai dai tasa a kife take. Matakala biyu masu girma ɗaya sun cika gurbi 30, saboda haka kowace ɗaya ta ci rabi, watau 15. Ka ga 1 + 2 + 3 + 4 + 5 ya zama 5 sau 6 a raba biyu.

Yanzu amsar tambayoyinmu ta fito fili. Ana raba biyu ne don matakala biyu aka haɗa, mu kuwa ɗaya muke nema. Ɗayan da aka ƙara kuma ga shi nan a sahun ƙasa: tsakuwa 5 ce, amma sai da aka bar gurbi ɗaya domin kan matakalar abokinka, shi ya sa faɗin ya zama 6.

Babban abin lura shi ne babu abin da ya rataya ga lamba 5 a cikin wannan bayani. Da za a haƙa sahu 100, kowane sahu da gurbi 101, haka ɗin dai za a yi. Duk sahun da ka gangara, tsakuwa takan ƙaru da ɗaya, kara ya ragu da ɗaya, tsawon sahun bai canja ba. Gurabun duka 10,100 ne, rabinsu 5,050. Ba sai mun haƙa ba, hankali ya riga ya gani.

Me ya sa gwaji kaɗai bai isa ba?

Wani zai ce, ai ba sai an sha wannan wahala ba, a gwada ƙa'idar da 3 da 4 da 5, in ta yi daidai shi ke nan. Masu lissafi ba su yarda da haka ba, kuma suna da hujja. Ga wani misali da kowa zai iya zanawa. Ka zana da'ira, ka ɗiga ɗigo 2 a bakinta, ka haɗa su da miƙaƙƙen layi. Da'irar ta rabu gida 2. Da ɗigo 3, in ka haɗa kowanne da kowanne, za ka sami gida 4. Da ɗigo 4 gida 8, da ɗigo 5 gida 16. Kowa zai rantse cewa ɗigo 6 zai ba da 32. Amma ko yaya ka zana, ba za ka wuce 31 ba. Ka ga abin da ya yi daidai sau huɗu a jere ya karye a na biyar. Gwaji yana nuna cewa abu ya faru, amma ba ya faɗin dalili. Gidan dara kuwa ya nuna mana dalilin, shi ya sa muka amince da ƙa'idarmu ko da lambar ta kai miliyan.

Hanya ta biyu: daidaita sahu

Wannan hanya ba ta bukatar matakala biyu, ɗaya ta isa. A ce an jera buhuna sahu 6 a ƙasa: sahun farko buhu 1, na biyu 2, har na shida mai buhu 6. Ka ɗauki buhu ɗayan nan ka kai shi ƙarshen sahu mai 6, ya zama 7. Ka kwashi sahu mai 2 ka haɗa da mai 5, ya zama 7. Mai 3 da mai 4 su ma 7. Yanzu kana da sahu 3, kowanne da buhu 7, jimla 21. Kamar dai ka ninke tabarma ne, bakin nan ya haɗu da wancan.

To, idan yawan sahun mara ne, watau ba ya rabuwa biyu daidai fa? A ce sahu 7 ne. Na tsakiya yana da buhu 4, ba shi da abokin haɗi. Sai ka mai da shi ma'auni. Ka rage 3 daga sahu mai 7 ka ba mai 1, dukansu sun zama 4. Ka rage 2 daga mai 6 ka ba mai 2, ka rage 1 daga mai 5 ka ba mai 3. Duk sahun 7 sun koma buhu huɗu-huɗu, jimla 28. Haka ƙa'ida ta ce: 7 sau 8 a raba biyu, 28. Wannan kamar yadda mai awo yake shafe bakin mudu ne, tudu ya cike kwari.

Wannan dabara tsohuwa ce. Akwai wani malami ɗan Ingila mai suna Alcuin, wanda ya koyar a fadar Sarki Shaleman, ya rasu a shekarar 804. A cikin wani littafin wasa ƙwaƙwalwa da ake danganta masa akwai tambaya kan tsani mai matakai 100. Tantabara 1 ta sauka a matakin farko, 2 a na biyu, 3 a na uku, har zuwa 100 a na ƙarshe. Tantabaru nawa ne? Amsar da aka bayar ita ce a haɗa matakin farko da na 99, ya ba da 100, na biyu da na 98, shi ma 100. Haɗi 49 ke nan, watau 4,900. Sai a ƙara matakin 50 da na 100 waɗanda ba su da abokai, a sami 5,050.

Haka kuma ana ba da labarin Carl Friedrich Gauss, shahararren masanin lissafi na ƙasar Jamus, wanda aka haifa a 1777 ya rasu a 1855. An ce yana yaro malaminsu ya ba ajin aikin tara 1 zuwa 100 don su daɗe suna fama. Kafin malam ya zauna, yaron ya kawo allonsa da amsa. Ya lura cewa 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, kuma irin wannan haɗi 50 ne. To 50 sau 101 kuwa 5,050 ne. Sauran yara suna ƙirga, shi kuwa ya tsaya ya duba siffar aikin tukuna.

Hanya ta uku: rabin murabba'i

Ka ɗauko littafin lissafi mai gida-gida. Ka zana murabba'i mai gida 5 a tsaye, 5 a kwance, gida 25 ke nan. A cikinsa ka shafa matakalarmu da fensir: gida 1 a sahun sama, 2 a na biyu, har 5 a na ƙasa. Sa'an nan ka sa rula ka ja layi daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama. Layin ya raba murabba'in biyu daidai, kowane ɓangare gida 12 da rabi.

Matakalar ta cike ɓangaren ƙasa duka, har ta ɗan leƙa sama da layin. Abin da ya leƙa ɗin kamar haƙoran zarto yake, kowane haƙori rabin gida ne, kuma guda 5 ne, ɗaya a kowane sahu. Rabi sau 5 shi ne 2 da rabi. In ka haɗa 12 da rabi da 2 da rabi, ka sami 15. Saboda haka jimlar ita ce rabin n sau n, a ƙara rabin n. Wannan ita ce ƙa'idarmu ta farko, ta sake riga ne kawai.

Akwai wani abin sha'awa a wannan zane. Gidajen da ba ka shafa ba su ma matakala ce, amma ƙarama: 4, 3, 2, 1, watau 10. Ke nan 15 da 10 sun haɗu sun ba da 25, wanda shi ne 5 sau 5. Lambobin nan 1, 3, 6, 10, 15, 21 ana kiransu lambobin alwatika, don in ka jera tsakuwa da yawansu siffa mai kusurwa uku take fitowa. Duk biyun da ke maƙwabtaka a cikinsu, in ka haɗa su, murabba'i za su ba ka: 3 da 6 sun ba da 9, 6 da 10 sun ba da 16. Almajiran Pythagoras na ƙasar Girka sun yi irin wannan jeri da tsakuwa wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya wani malami mai suna Nicomachus, mutumin garin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, ya rubuta shi a littafi wajen shekara ta 100. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fassara littafin zuwa Larabci.

Hanya ta huɗu: musafaha

A ce mutum 6 sun haɗu ranar Salla bayan an sauko daga Idi, kowa zai yi musafaha da kowa sau ɗaya. Na farko zai gaisa da mutum 5. Na biyu ya riga ya gaisa da na farko, saura masa 4. Na uku saura 3, na huɗu 2, na biyar 1, na shida kuwa an gama da shi. Jimla 5 + 4 + 3 + 2 + 1. Yanzu mu ƙirga ta wata fuska. Kowane ɗaya daga cikin mutum 6 ya miƙa hannu sau 5, miƙa hannu 30 ke nan. Amma musafaha ɗaya hannu biyu take ci, don haka sai a raba biyu, a sami 15. Abu ɗaya muka ƙirga ta hanya biyu, tilas amsa ta zo ɗaya. Da wannan ne kyaftin ɗin wasanni zai san cewa makaranta mai gidajen kwana 6 tana bukatar wasan ƙwallo 15 kafin kowane gida ya kara da kowanne.

Malaminmu na Katsina

Kada wani ya ɗauka wannan ilmi baƙo ne a ƙasarmu. Akwai wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a birnin Alƙahira har ya rasu a can a 1741. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wanda ake kira wafaƙi. Wannan shi ne murabba'in da ake cike gidajensa da lambobi masu bin juna, ta yadda kowane sahu, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ga mafi ƙanƙanta:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kowane sahu 15 ne. Don me 15? Ƙa'idarmu ce ta faɗa. Daga 1 zuwa 9 jimlarsu 9 sau 10 a raba biyu, watau 45. Sahu 3 ne za su raba 45 daidai wa daida, kowanne ya sami 15. In hatimin mai gida 25 ne, jimlar 1 zuwa 25 ita ce 325, a raba wa sahu 5, kowanne 65. Wanda bai san jimlar da yake nema ba, ba zai iya tsara hatimi ba. Abin alfahari ne a gare mu cewa har yau masu tarihin lissafi suna ambaton sunan wannan bawan Allah.

Amfaninta a gona da kasuwa

Amfanin ilmi aiki da shi. Ƙasarmu ta kudancin Jihar Katsina ƙasar noma ce. An daɗe da sanin Funtua da Malumfashi da auduga. Tun kuma da aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua a 1975, da taimakon Bankin Duniya, taki da ingantaccen iri suka yaɗu, noman masara ya bunƙasa a wurare irin su Bakori da Danja da Ƙafur da Dandume. Da kaka za ka ga buhuna jibge a sito da bakin kasuwa.

A ce 'yan dako sun jera buhuna jikin bango, 20 a ƙasa, kowane sahu na sama ya kasa na ƙarƙashinsa da ɗaya, har aka kai buhu 1 a ƙoli. Ba sai an hau ana ƙirgawa ba. Ka ƙirga sahun ƙasa kawai, ka ce 20 sau 21 a raba biyu, 210. Idan kuwa jerin bai kai ƙoli ba, ya tsaya a sahu mai buhu 8, sai ka ɗebe abin da ya ɓace a sama, watau 1 zuwa 7, wanda shi ne 28. Saura 182. Ko kuma ka bi hanyar dara: ka haɗa sahun sama da na ƙasa, 8 da 20, ka sami 28, ka yi shi sau yawan sahu, watau 13, ka raba biyu. Amsa dai 182 ce. Wannan ita ce siffar da ƙa'idar take fitowa da ita a jarrabawar fita sakandare. Manomin da ɗansa ya iya wannan, ba a yi masa kuskuren ƙirga a gaban dillali. Buhu ɗaya kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Haka nan wajen kuɗi. A ce yarinya ta sa naira 100 a asusu ranar farko ta azumi, 200 rana ta biyu, kullum tana ƙara 100. In wata ya cika 30, jimlar 1 zuwa 30 ita ce 465, ta tara naira 46,500 ke nan. Amma a lura, in aka ci gaba har kwana 60, kuɗin ba ninki biyu zai yi ba. Jimlar 1 zuwa 60 ita ce 1,830, watau naira 183,000, kusan ninki huɗu. Gidan dara ya nuna dalili: tsawo ya ninka, faɗi ma ya ninka. Saboda haka ina jan hankalin iyayenmu, duk wanda aka kawo masa wata yarjejeniyar biya wadda take ƙaruwa kaɗan-kaɗan kullum ko kowane mako, ya lissafa jimlarta tukuna kafin ya amsa. Abin da ya fara da ƙanƙanta yakan girma fiye da zato.

Sai dai akwai gargaɗi guda. Ƙa'idar tana aiki ne kawai idan kowane sahu ya fi na kusa da shi da ɗaya. Kashin lemo a kasuwa mai 9 a ƙasa, 4 a tsakiya, 1 a sama, 14 ne, ba 6 ba, ko da yake in ka dube shi ta gefe 3 da 2 da 1 za ka gani. Haka dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita a shekarun 1950 da 1960, kowane hawa nata shimfiɗa ce mai tsawo da faɗi, don haka lissafinta dabam ne. Mai hadda kawai yana iya faɗawa wannan rami. Wanda ya ga hoton kuwa zai fara tambaya, shin wannan matakala ce ko tsibi?

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk ƙa'idar da malam ya rubuta a allo, mu tambayi dalilinta, domin tambaya rabin ilmi ce. In an tafi hutu, kowa ya sami tsakuwa da kara ya nuna wa ƙannensa gidan darar nan, ya bar su su gano rabin da kansu. Iyayenmu kuma su riƙa gwada mu da ƙirgar buhu da kaka, su ga ko kuɗin makaranta yana amfani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu ci jarrabawa, amin.